Cinikin da Bai Shiga Hannuna Ba

Bazara ce take shigowa, irin wadda ruwan randa ke yin ɗumi tun da hantsi, azumi kuma ya kusa. Shekarar ce takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Ku da kuka gani ba sai na faɗa muku ba, amma jikokina da za su karanta wannan wata rana ba su gani ba. Mutum yana da kuɗinsa a banki, ya wuni a layi cikin rana, ya dawo gida ba ko na cefane. A nan unguwarmu Dogo Tebo na ga magidanci da furfurarsa tsaye gaban mai kayan miya, yana ɗaga waya sama yana neman sabis don ya biya kuɗin tattasai. Ba abinci aka rasa ba, yana nan jibge a kasuwa, sai dai a kalla a haɗiye yawu a wuce. Garin ya yi wani irin sanyin jiki a shekarar nan, ko gaisuwa a gajarce ake yin ta.

Na san abin da kuke cewa a tsakaninku game da kawunku Alhaji Bukar, Allah ya jiƙansa. Wasunku na cewa girman kai ne ya sa ya tattara ya koma Fika wajen 'yarsa, bai ƙara taka ƙofar gidan nan ba har ya bar duniya. Wasunku kuma suna ɗora laifin a kan babban yayanku. Duka biyun ba haka ba ne. Tunda Allah ya sa na je yaƙi da jahilci da girmana har na iya riƙe biro, bari in rubuta muku yadda aka yi, ko da yake hannun nawa a hankali yake tafiya.

Yaya Bukar ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu ina 'yar ƙarama. Shi ya aurar da ni ga babanku, kuma da babanku ya rasu shi ya tsaya a kan komai. A zamaninsa, in ana lodin shanu zuwa kudu daga kasuwar Potiskum, da wuya mota ta tashi babu nasa a ciki. Sai shekarun tashin hankali suka zo, hanya ta lalace. Wata tafiya shanun suka tafi, ba su isa ba, ba su kuma dawo ba. Waɗanda ba nasa ba ne a cikinsu, gonarsa ya sayar ya biya masu su. Abin da ya rage masa shi ne gidansa na unguwar Bolewa, da manyan rigunansa, da sunansa. Duk ranar kasuwa yakan sa riga ya kafa hula ya je ya zauna a rumfar dillalai. A tambaye shi shekarun bijimi ko lafiyar saniya, ya duba ya faɗa, a ce masa Allah ya ƙara girma, ya dawo gida hannu rabbana. 'Ya'yansa duka mata ne, suna gidajen mazajensu, su ma da ƙyar suke sha.

Ni da matarsa Ya Falmata muka ƙulla abin da muka ƙulla, daga mu sai Allah. Duk Juma'a nakan je gaishe shi da ɗan kwanon dambu ko ɗanwake, in rufe da faifai, in ɗaure a ƙyalle. A ƙarƙashin kwanon, cikin ƙyallen, akwai abin da ya samu daga cinikina na satin. Ya Falmata takan kwance ƙyallen a ɗakinta. Ta sayi hatsi, ta sayi 'yar gyaɗa ta soya ta matse, gida ya ɗauki ƙamshi. Shi dai abin da ya sani, matarsa tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga cikin gida, Allah kuma ya sa wa sana'ar albarka. Har nasiha yake yi mini da ita.

"Aisa, ki koyi tattali wajen yayarki. Da 'yar gyaɗar nan take riƙe da gidan nan. Ke kuwa kullum cikin saƙa kike, ba a ganin komai."

"To, Yaya," nakan ce, in sunkuyar da kai. Ya Falmata kuma ta shige madafi kada dariya ta ƙwace mata.

Ban taɓa jin cewa alheri nake yi masa ba. Tuwonsa na ci na girma. Kuma abin da mace ta samu da hannunta nata ne, ba mai tambayarta inda ta kai. Kuɗin takarda ba su da baki. In suka bar hannunka suka shiga na wani, ba sa faɗa wa kowa daga inda suka fito. Ban san wannan ni'ima ba ce sai da aka ɗauke ta.

Sana'ata kun san ta: faifai, mafici, lefe, ina saƙa su da kaba da galura da basilla. A shekarar aka ce za a yi baje kolin sana'o'in hannu a wani babban fili a cikin gari, da rumfuna a jere, baƙi za su zo daga Damaturu da Gombe da Bauchi. Na daɗe ina tara kaya dominsa, kuma na sa rai ƙwarai, don tun da kuɗi suka ɓace abin da nake sawa ƙarƙashin kwanon Juma'a yake ta raguwa. Na samu rumfa kusa da wata 'yar kudu mai sayar da duwatsun wuya, Maman Blessing, mace mai fara'a da ta daɗe a Potiskum. Ranar farko mutane suka yi ta tsayawa a gabana. Su ɗauki faifai su juya, su yaba launi, mu yi ciniki har in ce na sallama. Sai mutum ya zaro kati daga jaka.

"Mama, kina da POS?"

In ce ba ni da shi. Sai ya ajiye faifan a hankali, ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya wuce. Haka na wuni. Da yamma Maman Blessing ta leƙo, ta nuna mini nata injin, ɗan ƙarami kamar sabulun wanki.

"Maman Hauwa, in ba ki nemi wannan abu ba, yadda kika kawo kayan nan haka za ki mayar da su gida. Ni ma ban so shi ba. Amma yanzu shi ne bakin zane."

Washegari 'yata Hauwa ta baro gidan mijinta ta raka ni banki. Suka ce ba a ba da inji sai mutum yana da akant, ba a buɗe akant sai an ɗauki zanen yatsunsa. Muka ratsa cunkoson mutane har gaban wata yarinya mai haƙuri. Ta ɗora babban yatsana a kan wani ɗan gilashi mai haske, ta danna, ta dubi kwamfuta, ta girgiza kai. Ta gwada manuni. Ta ce in goga yatsan a goshina ya ɗan samu maiƙo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu. Daga ƙarshe ta juya tafin hannuna ta duba.

"Mama, wane aiki kike yi?"

"Saƙar kaba."

"Ai kaba ta cinye zanen yatsunki, babu abin da ya rage. Sai dai ki huta da aikin na wani lokaci, kina shafa man kaɗanya, ko Allah zai sa ya fito."

Na dubi yatsun nawa, sumul kamar bayan ƙwarya. Da su na yi renonku duka, ban taɓa lura ba. Baje koli kuwa ba zai jira zanen yatsana ya tsiro ba. A cikin keke napep muna komawa Hauwa ta ce:

"Inna, ai babban yayanmu yana da akant, kuma ya san mai raba injin. A karɓa da sunansa, kuɗin su riƙa shiga wayarsa. Duk ɗaya ne."

Ita Hauwa da wayar mijinta take amfani, ni kuwa ba zan kai kuɗina gidan suruki ba. Sauranku duk kuna nesa a lokacin. Saura yayanku, da ke zaune da ni a gida shi da iyalinsa. Na san ba duk ɗaya ba ne. Ɗan fari ne. Kun san ko sunansa ba na kamawa, har a wannan rubutun. Tun yana yaro ban taɓa zaunar da shi mun yi doguwar magana ba, balle in buɗe baki in ce ba ni. In ina da magana da shi, ɗayanku nake faɗa wa yana ji, shi ma haka yake mayar mini da amsa. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi, kuma bai taɓa hana mu ƙaunar juna ba. Amma na auna: in babu inji babu ciniki, in babu ciniki babu abin sawa ƙarƙashin kwano. Kafin mu iso gida na ce to.

Tun da nake sana'a ban taɓa ciniki irin na kwanakin nan ba. Hauwa ta koya mini yadda ake danna kuɗin kaya, na iya, tunda na san lambobi. Mutum ya zura katinsa, in kawar da fuskata ya danna lambobin sirrinsa, injin ya yi ɗan tunani, ya turo 'yar takarda. Shi ke nan, wai an biya. Masu kati ba su ma cika taya kaya ba, abin da na faɗa shi suke dannawa. Rumfata tana ta yin fili, fayafayan da na yi watanni a kansu suna ta tafiya garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Da yamma in taɓa bakin zanena in ji shi wayam. Yayanku kuwa murna yake yi. Yakan tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki.

"Hauwa, ki gaya wa Inna yau wayata ba ta huta ba. Ashe attajira muke da ita a gida ba mu sani ba!"

Ina so ku ji wannan da kyau: ko sisin kwabo bai taɓa ba. Kuɗina suna nan cif a wajensa. Ranar Alhamis na ce wa Hauwa ta faɗa masa ina son wani abu daga ciki, a hannu.

"Tsabar kuɗi a wannan lokacin?" ya ce. "Ni da nake fita kullum rabona da in gan su na manta. Masu POS na bakin titi sai sun yanki rabonsu mai tsoka, in ma suna da su. Me take so? Atamfa ce? Magani ne? Ta faɗa, yanzu in tura a kawo mata har gida."

Na ce wa Hauwa ba abin saye ba ne.

"To wani za ta ba? A ba ni lambar akant ɗinsa, kafin ta rufe baki ya ga alat."

Ban ba da lamba ba. Ya Falmata ba ta da akant. Waya ɗaya ce a gidan nan na Bolewa, tana aljihun Yaya Bukar, kuma in kuɗi suka shiga da sunan wanda ya turo suke shiga. Rashin ba da lambar ya tayar wa yayanku hankali. A lokacin ana yawan labarin masu damfarar tsofaffi, masu cewa za su yi maka addu'a ko su ninka maka kuɗi. Na ji yana ce wa Hauwa ƙasa-ƙasa ta riƙa lura da masu zuwa rumfata. Ban ji haushinsa ba. Da ni ce shi, abin da zan zata ke nan.

Juma'ar nan na kai kwano babu komai a ƙarƙashinsa. Na ɗebi ɗan gero a rumbunmu na ɓoye a hijabi na kai, amma hatsi kaɗai ba ya rufa asiri. In babu gyaɗa a kasko, in gida bai yi ƙamshin suya ba, Yaya zai tambaya daga ina geron ya fito. Mai gyaɗa kuwa kuɗi yake so.

Bayan kwana biyu ina zaune a rumfa sai na ga wata mata cikin tsohon mayafi ta tsaya ta ɗauki mafici. Sai da ta yi magana na gane ta. Ya Falmata ce, wadda tun da aka kawo ta gidan Yaya ba ta taɓa taka kasuwa ba. Tana juya maficin kamar mai taya, ba ta dube ni ba.

"Aisa, geron ya ƙare. Jiya ban ɗora tukunya ba. Na ce masa mai gyaɗa ne ba ya karɓar komai sai tiransifa, ya ce in yi haƙuri, kowa haka yake ciki. Ya sha ruwan zafi ya fita masallaci. Ga azumi nan tafe. Ban zo don in matsa miki ba, na rasa wanda zan faɗa wa ne."

Kafin in buɗe baki wata hajiya daga Damaturu ta iso da 'yan rakiyarta. Lefe take so na bikin 'yarta, ta kwashe duk wanda ya rage, ta haɗa da fayafai. Ta zura kati, na kawar da kai, injin ya turo takardarsa. Ya Falmata tana tsaye tana kallo. Cinikin nan kaɗai ya isa ya ciyar da gidan Yaya har Sallah, ni kuwa ba ni da abin da zan damƙa mata ko na komawa gida a keke. Na leƙa wajen Maman Blessing. Ta zazzage jakarta a kan tebur, ta samo wata tsohuwar takarda guda da ta sha hannu, ta miƙo mini ba ta tambaye ni komai ba. Ko mudu ɗaya ba za ta saya ba. Ya Falmata ta karɓa, ta ajiye maficin, ta tafi a ƙafa cikin ranar nan. Ban san Hauwa tana bayan rumfa tana ɗaure kayan hajiyar ba. Ta ji komai. Ta haɗa da kwanon Juma'a da ta saba gani, ta gane sauran.

Kashegari na dawo daga baje koli gab da magariba, na tarar da yayanku a tsakar gida fuskarsa tana haske.

"Hauwa, ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. An gama da maganar gidan Kawu."

Na zauna a kan turmi. Sauran labarin daga bakin Ya Falmata na ji shi daga baya, ita tana bayan ƙyaure lokacin da aka yi. Yayanku ya je kasuwa ya sayi buhun shinkafa, da na gero, da jarkar mai, da sukari, da kuɗin aljihunsa, ya tura ta waya. Ya loda a keke napep. Ya isa Bolewa bayan la'asar, daidai lokacin da Yaya yake zama a ƙofar gida da mutanensa, tsofaffin dillalai da maƙwabta, waɗanda har ranar in rigima ta tashi a unguwa wajensa suke kawowa. Aka sauke buhuna a gabansu. Yayanku ya durƙusa ya gaida shi da ladabi, sannan ya ce:

"Kawu, ashe haka ake ciki ba a faɗa mana ba? Shekara da shekaru Inna ita kaɗai take ɗauke da gidan nan da kuɗin faifai, mu muna zaune. Wallahi mun ji kunya. Daga yau ta huta, ni na ɗauka."

Ya Falmata ta ce Yaya ya daɗe yana duban buhunan. Sannan ya tambaya a hankali:

"Tun yaushe, ka ce?"

"Ai tun bayan asarar shanun nan, Kawu."

"To. Allah ya yi maka albarka. A shiga da su."

Mutanen da ke zaune suka fara tuna cewa suna da wurin zuwa, ɗaya bayan ɗaya suka sa takalma. Yaya ya naɗe buzunsa ya shiga gida. Ranar bai fita sallar magariba a masallaci ba.

Yanzu ku faɗa mini, me zan ce wa yayanku? Yaro ya ji kawunsa ya kwana da yunwa, ya ɗauki abinci ya kai. Wane ne a cikinku da ba zai yi haka ba? Hauwa ta ji abin da ya fi ƙarfinta ta kai wa yayanta. Ni kuma da bakina ya iya buɗuwa a gabansa tun ranar Alhamis, da na ce masa ga yadda ake kai irin wannan saƙo, ta ƙofar mata, a ƙarƙashin kwano. Amma ba a haife mu da wannan bakin ba, ni da shi. Kowa a cikinmu alheri ya nufa. Yayanku yana tsaye a tsakar gida yana jiran ya ji abin da zan ce. Na dubi Hauwa na ce ta faɗa masa Allah ya yi albarka.

Da gari ya waye na sa hijabi na tafi Bolewa, ban ɗauki kwano ba. Na same shi a zaure a kan buzunsa, da farar riga, carbi a hannu. Na durƙusa a bakin ƙofa yadda na saba. Yana ganina ya dafa bango ya miƙe tsaye.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Falmata, kawo wa baƙuwa shimfiɗa."

"Yaya, ni ce. Aisa ce."

"Na gane ki. Mun ga saƙo, na jiya da na shekarun baya. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi."

"Yaya, don Allah ka zauna."

"A'a. Mutum ba ya zama a gaban mai ciyar da shi."

Babu faɗa a muryarsa. Da ya zage ni da na fi so. Na ci gaba da durƙuso, shi ma ya ci gaba da tsayuwa. Ya Falmata ta zo da tabarma ta tsaya a bayansa rungume da ita, hawaye na bin fuskarta, ta rasa inda za ta shimfiɗa. Na ce ko zai gaji ya zauna, sai in samu in yi magana. Can na ga gwiwoyinsa suna rawa a ƙarƙashin rigar, hannun da ya dafa bango da shi yana zamewa yana sake kamawa. Na gane muddin ina nan ba zai zauna ba, ko da zai faɗi.

Sai na tashi na fita, don ya samu ya zauna.